Bayahuden Apo

A shekarar 2011 na fara kai wa Zacharias mota. Lokacin ban daɗe da dawowa Abuja da aiki daga Katsina ba, ina jan wata tsohuwar Honda mai mutuwa a tsakiyar titi ba sallama. Makanikai uku suka taɓa ta, kowanne ya cire abin da ya ga dama ya sa sabo, ba ta daina ba. Wani direban ma'aikatarmu ne ya ce mini, "Alhaji Badaru, ka shiga Apo, can ƙarshen layin masu batir, ka tambayi Zacharias mai wutar mota."

Na same shi a wata rumfar kwano, gajeren mutum mai kauri, da tabarau wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da wayar lantarki. Ya buɗe bonet, ya ce in tayar, ya ce in kashe. Ya bi wayoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga wata da ta goge a bayan batir tana taɓa ƙarfe. Ya naɗe ta, ya rufe bonet. Motar ba ta sake yi mini haka ba har na sayar da ita.

Hausarsa ce ta sa na zauna a bencinsa bayan an gama aikin. A Apo kowa da irin tasa, a ce "shi" inda ya kamata a ce "ita", a cike sauran da Turanci. Shi kuwa Hausa yake yi mai nauyi, da kalmomin da rabona da su tun kakata na da rai. Na tambaye shi inda ya samo ta.

"A Littafi Mai Tsarki," in ji shi. "Ni Gbagyi ne, daga wani ƙauye bayan Kwali. Amma da Hausa bishara ta same mu."

A hankali, gyara bayan gyara, na san tarihin gidansu. Kakansa ne mai kula da wurin tsafin ƙauyen. A zamaninsa 'yan mishan suka iso da maganin gyambo da allo da alli, suna wa'azi da Hausa don ba su iya yaren mutanen ba. Tsohon bai karɓa ba har ya mutu. Ɗansa kuwa, mahaifin Zacharias, ya je karɓar magani ya zauna koyon karatu, aka yi masa baftisma a rafi, ya zama mai bishara. Shekara arba'in yana yawo a keke tsakanin ƙauyuka, ya kafa ƙananan majami'u bakwai na jar ƙasa da jinka, matarsa na gina tukwane ana ci da gidan. Da idonsa ya mutu, Zacharias ne yake zuwa duk ƙarshen wata ya karanta masa littafin da ƙarfi. Ya ce mini sau tara suka kai ƙarshe suka koma farko.

A Nyanya yake zaune da matarsa Prudence, 'yar kudancin Kaduna mai ɗinki, da 'yarsu ɗaya tilo, Godiya. A cocinsu shi dattijo ne, shi yake koyar da ajin manya ran Lahadi da safe. Prudence kuma ita ce shugabar zumuntar mata. Ran bikin Kirsimeti ita take gaba da zanen ƙungiya, tana ba da waƙa mata na amsawa.

Mukan yi gardamar addini, irin ta mutanen da ba sa tsoron juna. A bakinsa na fara jin Kiristanci yadda masu shi suke faɗinsa. Ya ce a wurinsu Yesu shi ne Almasihun da aka yi wa Yahudawa alkawari, ya mutu a kan gicciye don ya ɗauke zunubin mutane, ya tashi a rana ta uku wadda ta faɗo Lahadi, shi ya sa suke taruwa ran Lahadi. Mabiyansa na farko duk Yahudawa ne. Daga baya aka buɗe wa sauran al'ummai ƙofa ba tare da an ɗora musu kaciya da dokokin abinci ba, sai abin ya bazu, Roma, Masar, Habasha, har ya zagayo ta teku ya iso ƙauyensu. Ni kuma in ce Annabi Isa manzo ne, ba a gicciye shi ba. Ya yi dariya, ya ce in tayar da mota ya gani.

Mahaifinsa ya rasu a 2015. Daga baya Zacharias ya gaya mini cewa akwai tambayoyin da ya daɗe yana danne su saboda tsohon. Da aka rufe shi sai suka fito.

Farkon abin a ajinsa ne. Yana koyar da dokoki goma, aka zo kan dokar kiyaye ranar Asabar, sai wani dattijo mai gadi a ajin ya ɗaga hannu ya ce, in Allah da kansa ya ce Asabar, wa ya mayar da ita Lahadi? Zacharias ya ba da amsar da aka saba bayarwa. Mai tambaya ya gamsu, shi bai gamsu ba. Ya koma gida ya buɗe Tsohon Alkawari, ya kwashe watanni yana bi, yana ja wa layi da biro.

A layin bayan rumfarsa akwai wani Ibo mai sayar da kayan wutar mota, Oga Okwudili. Kowa ya san ba ya buɗe shago ran Asabar, ranar da Apo ta fi cika da masu motoci, ana yi masa kallon mai taurin kai. Zacharias ya je sayen fiyus ya tambaye shi dalili. Okwudili ya ce shi Bayahude ne, akwai 'yan'uwansa Ibo da suke taruwa a wani gida can gaba da Nyanya, sun yi imani kakanninsu daga Bani Isra'ila suke. In yana so ya zo ya gani, amma ba sa kiran kowa.

Ni ban san duk wannan ba, sai wata Asabar da na zo da fitilar mota a mace, ina shirin tafiya Katsina, na tarar da rumfar a rufe. Ran Litinin na koma ina yi masa tsiya.

"Ba na taɓa aiki ran Asabar yanzu, Alhaji," ya ce, bai ɗago daga injin ba. "Daga faɗuwar rana ran Jumma'a har taurari su fito ran Asabar. Ba aiki, ba hura wuta, ba shiga mota."

Ya ba ni labarin gidan da ya je. Ɗaki ne babba, ba gicciye, ba hoto, ba ganga. Maza da ƙananan huluna a tsakar ka, sun yafa farin mayafi mai tuntaye a kusurwoyi huɗu, sun fuskanci Urushalima suna karanta Attaura da Ibrananci, daga dama zuwa hagu. Ya ce Allah ɗaya ne a wurinsu, ba a raba shi uku, ba shi da ɗa. Ya yi alkawari da Ibrahim, ya ba da shari'a ta hannun Musa, aikin mutum shi ne ya kiyaye ta. Ba sa cin alade, ba sa cin tarwaɗa don ba ta da ɓawo, ba sa haɗa nama da madara. Almasihu kuwa bai zo ba tukuna.

"Me ya sa ka ce bai zo ba?" na tambaye shi.

"An ce in ya zo za a daina yaƙi. Kai ka ga an daina?"

Ba zan ɓoye ba, murna na yi. Na ce a raina mutumin nan ya yi rabin tafiya. Na ce masa, "To ai ka iso ƙofarmu, Zakari. Allah ɗaya, ba alade, ga kaciya. Kalmar shahada kawai ta rage."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Na gode, Alhaji. Amma ba gida mafi kusa na fito nema ba."

Na kawo masa littattafai har sau biyu. Ya karanta su duka, ya mayar mini da su a leda, ko datti bai bari ya taɓa su ba.

Dattawan coci suka kira shi sau uku. Ba su yi masa wulaƙanci ba, ya faɗa da bakinsa. Wasunsu mahaifinsa ne ya yi musu baftisma, ɗaya har kuka ya yi. Suka ce in Asabar ce damuwarsa ya kiyaye ta a gidansa, amma ya tsaya gaban jama'a ya shaida Yesu Ubangiji ne. Ya ce ba zai faɗi abin da zuciyarsa ta daina faɗa ba. Ran Lahadi aka karanta sunansa a gaban ikkilisiya, aka ce an fitar da shi daga coci. Bayan mako biyu aka ce Prudence ta sauka daga shugabancin zumuntar mata har gidanta ya daidaita.

Ta zo ta same ni a ofis, karon farko da na gan ta, doguwar mace mai kama jiki. Ta ji yana yawan ambatona, ta ɗauka ni na juya masa kai. Da na rantse mata ba ni ba ne, sai ta zauna.

"Alhaji, da ma Musulmi ya zama, da na san sunan abin da ya same ni," ta ce. "A danginmu akwai Musulmi. Amma wannan fa? Fastonmu ya je Urushalima sau biyu, tutar Isra'ila na manne a motarsa, kullum muna addu'a Allah ya albarkaci Isra'ila. Yau mijina ya ce zai bi addininsu, an ce ya ɓata. Ni shekara goma sha ɗaya ina riƙe da matan nan. Me na yi?"

Ba ta bar shi ba. Suka ci gaba da zama a ɗaki biyu ɗin nan, tukunyarsa daban, tata daban. Ran Jumma'a takan dafa masa abincin Asabar tun da rana ta ajiye. Kafin faɗuwar rana ya kunna kyandir biyu da kansa, ko da yake a addinin aikin matar gida ne. Ran Lahadi ta ɗaura zanenta ta tafi coci ta zauna a bencin baya.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne auren Godiya, a Disambar 2019. Dangin ango suka sa ranar Asabar, kamar yadda kowa yake yi. Zacharias ya je da ƙafarsa ya roƙi a mayar da shi Alhamis, ko Jumma'a da safe. Suka ce baƙinsu ma'aikata ne, kuma ba za a juya biki saboda mutum ɗaya ba. Godiya ta durƙusa a gabansa ta ce rana ɗaya ce kawai, ya shiga mota, ya riƙe hannunta ya kai ta gaban bagaden coci, Allah ba zai kama shi da wannan ba. Ya ce ba zai iya ba.

An gayyace ni, na je. Cocin dangin ango na can wajen Karu. Ina ajiye mota na hango shi a bakin katanga, cikin farar riga, takalminsa ya yi buɗu-buɗu da jar ƙasa. Da ƙafa ya zo daga Nyanya. Bai shiga ba. Yayansa ne ya miƙa amarya. Da aka fito ɗaukar hoto, Godiya ta gan shi, ta tsaya kallonsa, sai ta juya wa mai hoto fuska. Na je na tsaya kusa da shi.

"Ta yi kyau," ya ce. "Uwarta ce ta ɗinka rigar. Wata biyu tana kai."

Na ce masa ya zo mu shiga wajen liyafa ko ruwa ya sha. Ya ce a'a, zai kama hanya kafin rana ta yi zafi. Godiya ba ta sake taka gidan ba sai in ta tabbata yana Apo.

Na ɗauka aƙalla can inda ya koma ya samu wurin zama. Sai wata rana, yana canza mini burushin sitata, abin tayar da mota, ya gaya mini yadda abin yake. A addinin akwai addu'o'in da ba a yi sai maza goma sun cika. Jama'ar ba su da yawa, sau da yawa su tara ne, shi na goma. Sai su zauna suna jiran wani.

"Ba sa ƙirga ka?"

"Okwudili yana so a ƙirga ni. Sauran suka ce su jini ne, ni baƙo ne, sai malamin Yahudawa ya zo daga waje ya jarraba ni, ya tsoma ni a ruwa, ya ba ni suna. Gaskiyarsu ce, haka dokar take." Ya hure ƙurar da ke kan sitatar. "Su ma fa, can Isra'ila ba kowa ya yarda da su ba. Suna jira a ƙirga su, ni ina jira su ƙirga ni."

A lokacin ya fi yawancinsu iya karanta Ibrananci. Da waya ya koya, a rumfa, tsakanin mota da mota. Yana azumin Ranar Kafara, yini da kwana ba ci ba sha. Lokacin Idin Ƙetarewa yakan gasa gurasa marar yisti da kansa, ya taɓa kawo mini, kamar busasshen kwali take. Sau ɗaya aka ce malamin ya zo Najeriya, amma a wani gari can Gabas ya sauka, kafin labari ya iso Zacharias har ya koma.

Masu shagunan kusa da shi, 'yan Kano da Zariya masu batir da man juye, tuntuni suke kiransa Bayahude. Da wasa ne, shi ma yakan amsa. A ƙarshen 2023, da yaƙin Gaza ya ɓarke, sunan ya canza ɗanɗano. Aka daina kiransa cin abinci a faranti ɗaya. Wata safiya ya zo ya tarar an juye baƙin mai a kan bencinsa da akwatin kayan aikinsa. Ba a san wanda ya yi ba, ba wanda ya tambaya.

A nan nawa laifin ya shigo. Makonni na yi ina kallon hotunan yara a waya, ana zaro su daga ƙarƙashin gini. Zuciyata ta cika, ba ni da inda zan sauke. Na tafi Apo ba tare da motata na da matsala ba, na miƙa masa wayar.

"Ka ga abin da mutanenka suke yi?"

Ya karɓa ya kalla har ƙarshe, ya miƙo mini.

"Mutanena suna Kwali suna noman doya, Alhaji. Ni ko cikin jirgin sama ban taɓa gani ba. Yaron da aka kashe an kashe shi, ko na wane ne. Na wancan gefen ma da aka kashe tun farko, su ma 'ya'yan wasu ne. Ba na barci da kyau a kan su duka."

"In haka ne ka fita daga cikinsu mana."

"In fita daga ina? Ba su ma shigar da ni ba." Ya ɗago ya dube ni. "Shekara goma sha biyu kana zama a bencin nan. Yau ka zo ka tambaye ni ko ina murna da mutuwar yara?"

Na mayar da wayar aljihu. Na shiga mota na tafi. Da wutar motar ta sake lalacewa, wani na kai wa a Wuse. Na gaya wa kaina kusa ne da ofis. Wata goma sha huɗu ban taka layinsa ba.

A Fabrairun 2025 Prudence ta kira ni. Ta ce ya faɗi a rumfa, hawan jini ne, rabin jikinsa ya mutu, yana asibiti, kuma sunana yake ta ambata. Na je bayan la'asar. Ya rame, bakinsa ya karkace, ba tabarau. Na fara neman gafararsa, ya ɗaga hannun da ke aiki ya tsayar da ni. Maganarsa na fita da ƙyar, sai na sunkuya.

"Ku Musulmi kun san wannan," ya ce. "A wanke ni, a sa ni a farin ƙyalle, a rufe ni da wuri. Kada a ajiye ni a firiji. Kada a sa gicciye. A bar Okwudili ya yi mini addu'a. Maman Godiya ba za ta iya da yayyena ba. Kai babban mutum ne, za su ji maganarka."

Na ce in Allah ya yarda zai tashi. Ya ci gaba da kallona har na ce na yi alkawari. Prudence na tsaye a bakin gado, ta ji komai.

Ya cika ran Laraba da hantsi. Kafin in iso daga ofis yayyensa biyu sun zo daga Kwali, an riga an kai shi ɗakin ajiye gawa. Na ja babban gefe, na faɗa masa wasiyyar, kalma bayan kalma. Dattijo ne manomi, ya saurare ni da ladabi har na gama.

"Alhaji, mun gode da zumunci," ya ce. "Amma gawarmu ce. Da ransa ya ba mu kunya, ya ɓata sunan Baba a majami'u bakwai. Yanzu ya dawo hannunmu. Za mu kai shi gida yadda ake kai ɗan mai bishara."

Na sake gwadawa washegari, na zo da Okwudili. Ba su ma bar shi ya zauna ba. Okwudili ya ce da irin Hausarsa, "Mutumin nan, shi ya fi mu riƙe doka. Ku bar mu mu wanke shi kawai, mu tafi." Suka ce ba wanda zai taɓa shi. Da muka fito Okwudili ya tsaya a jikin motata yana share ido, ya ce shekara tara mutumin yana zuwa, bai taɓa makara ba.

Mako uku ya yi a firiji, ana jiran dangi su taru. Aka sa jana'iza ran Asabar. Mutanen Okwudili ba sa shiga mota ranar, ba wanda ya zo a cikinsu. Na tuƙa ni kaɗai zuwa ƙauyen. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, matan zumunta sun zo da kayan kiɗansu. An sa masa kwat da farin safar hannu, akwatin na da gicciye a murfi. Kabarin na gefen na mahaifinsa, a bayan majami'ar farko da tsohon ya gina.

Faston da ya yi wa'azi daga Nyanya ya zo. Ya yi magana mai daɗi a kan tumakin da suke ɓata a samo su. Sai ya ce yana da albishir ga ikkilisiya: a sa'arsa ta ƙarshe, a gadon asibiti, ɗan'uwa Zacharias ya tuba, ya kira sunan Yesu, ya dawo gida. Wuri ya ɗauki guɗa. Godiya, da jaririnta a baya, ta fashe da kuka ta durƙusa a gaban akwatin, karon farko da na ga ta matso kusa da mahaifinta tun ranar aurenta.

Ina zaune a layi na biyu. Na san abin da na ji da kunnena kwana uku kafin ya cika. Na duba mutanen, ɗari biyu ko fi, ni kaɗai ne mai hula a cikinsu, baƙo, Musulmi, a garinsu, a kan gawarsu. Ban tashi ba. Aka rufe shi, aka kawo shinkafa, na ce ina da tafiya.

Bayan wata guda na je Nyanya yi wa Prudence gaisuwa, da nufin in gaya mata faston nan ya yi wa mamaci ƙarya. Na same ta a kan keken ɗinki. Ta kawo mini ruwa, ta koma ta zauna, ta bar ni na gama faɗana.

"Fasto bai yi ƙarya ba, Alhaji," ta ce. "Abin da aka gaya masa ya faɗa. Ni na gaya masa."

Na ajiye kofin ruwan.

"Yayyensa sun ce in bai tuba ba, ba za a sa shi kusa da Baba ba. Can bakin daji za a kai shi, ba addu'a, ba waƙa. Godiya kuma kullum tana kira na tana kuka, wai babanta yana wuta, ita ce ba ta je ta gan shi ba. Me zan ce mata? Yaron da ke bayanta zai girma a ce masa kakansa ɓatacce ne." Ta juya zaren da ke hannunta. "Ina wurin har numfashinsa ya tsaya. Bai kira Yesu ba. Da yaren Yahudawan nan yake magana, abin da yake faɗa kullum safe da yamma. Na riƙe hannunsa, na bar shi ya gama. Shekara tara ina roƙon Allah ya juyo da shi, bai juyo ba. Sai na juyo da shi da bakina."

Ta ce an mayar da ita shugabancin zumuntar mata, ta ce ba ta so, sun matsa. Tun ranar jana'izar ba ta karɓi Jibin Ubangiji da ake raba wa masu bi a coci ba. In an zo miƙa gurasa sai ta fita kamar za ta kama ruwa.

"Ban gaya wa kowa ba sai kai, don kai ma ka ji abin da ya ce. A addininku, Alhaji, wanda ya yi irin wannan ƙaryar, ana yafe masa?"

Na ce mata ni ba malami ba ne, amma Allah mai gafara ne, kuma ya san abin da ya sa ta. Ta gyaɗa kai kamar wadda ta riga ta gaya wa kanta haka bai ishe ta ba. Ta ce in yi haƙuri, akwai mai zuwa karɓar ɗinki da ƙarfe biyar. Ta sa ƙafa a keken, ni kuma na fito na shiga cunkoson motoci masu komawa cikin gari.